Maƙwabci Kafin Ɗaki: Nasiha ga Ɗalibi Mai Neman Haya a Birnin Kano

Kowace shekara, da zarar manyan makarantu sun fitar da sunayen waɗanda suka samu gurbin karatu, dubban matasa kan bar garuruwan iyayensu su nufi Kano, kuma da yawa daga cikinsu kan tarar cewa ɗakunan kwanan da ke cikin makaranta ba su wadaci kowa ba, ta yadda dole sai sun nemi wurin zama a unguwannin da ke kewaye. Jami'ar Bayero, wadda ta faro a matsayin kwaleji a shekarar 1960 ta kuma zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana da ɗaliban da yawansu ya zarce gadajen kwananta nesa ba kusa ba, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da makarantar Sa'adatu Rimi mai horar da malamai da sauran makarantun gaba da sakandare, waɗanda su ma ɗalibansu ke neman irin waɗannan ɗakuna a lokaci guda. Saboda haka neman haya ya zama jarrabawar farko da sabon ɗalibi ke fuskanta tun kafin ya taka ƙofar aji, kuma jarrabawa ce da sakamakonta kan bi shi har ƙarshen shekarar karatu.

Abin da aka fi gani shi ne matashi ya tsayar da hankalinsa kan abu biyu, wato kyan ɗaki da yawan kuɗin haya, alhali kuwa waɗannan su ne mafi sauƙin gyara a cikin lamarin, domin ɗaki maras kyau yana gyaruwa da fenti da labule da shara, kuɗi kuma ana iya neman ragi ko a raba shi da abokin zama. Unguwa kuwa ba ta gyaruwa a hannun ɗan haya: yadda ya same ta haka zai zauna da ita, da nisanta da ruwanta da wutarta da halin mutanenta. Don haka tsarin da ya dace shi ne ɗalibi ya fara zaɓen unguwa, sannan ya zaɓi gida a cikinta, daga ƙarshe ya zaɓi ɗaki a cikin gidan, kamar yadda Larabawa ke cewa a nemi maƙwabci kafin a nemi gida.

Nisa da Abin da Yake Ci

Kano birni ne da ya bazu a ƙananan hukumomi 8, wato Birni da Kewaye da Dala da Fagge da Gwale da Tarauni da Nasarawa da Kumbotso da Ungogo, kuma wanda bai san shimfiɗarsa ba yana iya ɗaukar cewa duk inda aka kira Kano kusa yake da makaranta. Ita kanta Jami'ar Bayero ba a wuri ɗaya take ba. Tsohon matsuguninta yana daura da Kabuga da Gadon Ƙaya da Ɗorayi da Janbulo, sabon matsugunin yana kan titin Gwarzo a yankin Rijiyar Zaki da Rimin Gata da Ɗanbare, ɗaliban aikin likita kuma idan sun kai matakin koyon aiki a kan marasa lafiya sukan koma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, kusa da Gyaɗi-Gyaɗi. Wajibi ne ɗalibi ya tabbatar da inda tsangayarsa take, ma'ana rukunin sassan da ke koyar da fanninsa, kafin ya biya ko sisin kwabo, domin wanda ya kama ɗaki a bakin ƙofar tsohon matsuguni alhali darussansa suna sabon, ya kusanci makaranta ne da suna kawai.

Nisa yana cin kuɗi, yana cin lokaci, yana kuma cin ƙarfin jiki. Tun da gwamnatin jiha ta hana sana'ar acaɓa a cikin birnin a shekarar 2013, baburan adaidaita sahu suka zama abin hawan talaka, kuma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin shigarsu ya yi tashin da ya sauya lissafin kowane ɗalibi. A ɗauka, don misali kawai, cewa wani yana biyan naira 500 zuwa da naira 500 dawowa, kwana 5 a mako, har tsawon makonni 30 na karatu: a ƙarshen shekara ya kashe naira 150,000 a hanya, kuɗin da ba ya cikin takardar haya amma daga aljihu ɗaya yake fita. Idan kuma kowace tafiya tana ɗaukar sa'a guda saboda cunkoso da jiran abin hawa, ya bar sa'o'i 300 a kan titi, lokacin da ya isa a karance littattafai masu yawa. Ɗakin da ya fi araha a nesa yakan zama shi ne mafi tsada idan aka haɗa lissafi, wannan kuwa shi ne abin da magabata ke nufi da cewa araha ba ta ado.

Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya gwada tafiyar da kansa a ranar aiki, a daidai lokacin da zai riƙa fita don darasin ƙarfe 8 na safe, ya kuma gwada dawowa bayan magariba, ya lura da hawa nawa zai yi kafin ya isa, da nisan gidan daga bakin titi, da kuma ko ana samun abin hawa bayan isha'i. Unguwar da za a iya takawa a ƙasa daga cikinta zuwa ƙofar makaranta, ko a je a keke, tana da wata daraja ta daban, domin ranar da aljihu ya bushe ɗalibinta ba zai rasa darasi ba.

Ruwa da Wuta da Lafiyar Jiki

Bayan nisa sai ruwa, wanda shi ne abin da mazauna Kano suka fi sanin darajarsa. Matatun ruwa na Challawa da Tamburawa da Watari ba sa kai ruwan famfo ga kowace unguwa a kowace rana, musamman sababbin unguwannin bayan gari inda gine-gine suka riga bututu isa, don haka gidaje da yawa sun dogara ne da rijiya ko rijiyar burtsatse ko 'yan garuwa masu tura kura ɗauke da jarkoki masu lita 25. Ya kamata mai neman haya ya tambayi maƙwabta, ba mai gida kaɗai ba, ko rijiyar gidan tana ƙafewa a watannin Maris da Afrilu da Mayu, da kuma nawa ake sayar da jarka a lokacin da zafi ya tsananta, da wanda ke biyan kuɗin man da ake tayar da injin ruwa da shi. Ya kuma duba nisan rijiya daga ramin masai, domin kusancinsu yana daga cikin hanyoyin da zazzaɓin taifod da amai da gudawa ke shiga gida.

Damina ma tana da nata hukunci, kuma galibi ana neman ɗaki ne a lokacin da ƙasa ta bushe ba a ganin aibin wuri. Ruwan sama a Kano yana yin ƙarfi ne daga Yuli zuwa Satumba, watan Agusta kuma shi ne ganiyarsa, lokacin da unguwannin da ke cikin kwari ko kusa da kududdufi ko waɗanda magudanansu suka toshe da leda ke cika da ruwa. Mai lura yana iya karanta tarihin damina a jikin gini ko da cikin rani ne: layin damshi a ƙasan bango, siminti mai ɓarewa, dokin ƙofar da aka ɗaga da bulo, buhunan yashi da aka jera a bakin lungu, da tabon yoyo a jikin silin, duk shaidu ne da ba sa ƙarya. Inda ruwa ke kwanciya a nan sauro ke hayayyafa, kuma zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da ɗalibi a makon jarrabawa yana iya ɓata masa wahalar zango guda. Haka nan ɗakin da ba shi da taga biyu masu fuskantar juna, wanda kuma aka cusa mutane da yawa a cikinsa, yana da haɗari a lokacin zafin bazara da ma'aunin zafi kan haura digiri 40, domin a irin wannan yanayi na cunkoso da rashin iska ne cutar sanƙarau ta fi yaɗuwa.

Game da wutar lantarki, ya dace ɗalibi ya san cewa hukumar da ke kula da harkar a Najeriya ta kasa layukan wuta zuwa rukuni biyar gwargwadon sa'o'in da aka yi alkawarin bayarwa a rana: rukunin A sa'o'i 20 zuwa sama, B sa'o'i 16, C sa'o'i 12, D sa'o'i 8, E kuma sa'o'i 4, kuma tun watan Afrilun 2024 kuɗin da 'yan rukunin A ke biya ya ninka na sauran. Wannan yana nufin cewa unguwa mai yawan wuta tana da nata tsada, maras wuta kuma tana tilasta biyan kuɗin cajin waya da kwamfuta a shago. Sai a tambaya ko gidan yana da mita mai kati, wato wadda ake saya mata wuta tun kafin a sha, ko kuwa ana kawo takardar ƙiyasi ce a ƙarshen wata, a kuma tabbatar ba a gaji bashin waɗanda suka tashi ba, sannan a san yadda ake raba kuɗin tsakanin 'yan haya da yadda ake karo-karo idan taransifoma ta lalace. Idan gidan na amfani da janareta, a duba inda ake ajiye shi, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar guba maras wari wadda ke kashe mutum cikin barci, kamar yadda garwashin jin ɗumi ke yi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu. Kada kuma a manta da gwada ƙarfin sabis na waya a cikin ɗakin kansa, tun da rajistar darussa da duba sakamako da neman littattafai duk sun koma intanet.

Tsaro

Babu wanda ya zauna a Kano a 'yan shekarun nan da bai ji koken jama'a game da ƙwacen waya da faɗan daba ba, kuma ɗalibi yana daga cikin waɗanda aka fi hara, saboda an san yana ɗauke da waya da kwamfuta, yana dawowa da dare daga ɗakin karatu, kuma baƙo ne da ba shi da dangi a kusa. Sai dai ba daidai ba ne a yi wa unguwa kuɗin goro saboda sunanta, domin a cikin unguwa guda akan samu layin da ke da natsuwa da layin da ba a bi bayan isha'i. Abin da ya kamata shi ne a ziyarci wurin sau biyu ko uku a lokuta mabambanta, da rana da kuma da dare, a lura ko akwai haske a kan hanya, ko akwai kangwaye da gine-ginen da ba a kammala ba inda ɓata-gari ke fakewa, ko akwai 'yan sintirin unguwa da ofishin 'yan sanda a kusa, da kuma irin matasan da ke zama a majalisun bakin layi da abin da suke yi. Mai shayi da mai kanti da ladanin masallaci da ɗaliban da suka riga shi zama sun san abin da dillali ba zai faɗa ba, kuma matambayi ba ya ɓata.

Ɗalibai mata suna da ƙarin abin lura a wannan fage. Ya fi musu alheri su nemi gidan da aka keɓe wa mata, ko gidan da iyali ke zaune a wani sashensa, mai ƙofa da ake rufewa a sanannen lokaci, wanda kuma hanyarsa zuwa titi ba ta ratsa lungu mai duhu ba. Yana da kyau uba ko wa ko wani dattijo daga dangi ya raka ɗaliba ranar kama ɗaki, ya gana da mai gida da maƙwabta, domin yarinyar da unguwa ta san tana da manya a bayanta ana ganin girmanta, ana kuma shakkar taɓa mutuncinta.

Maƙwabta da Tarbiyya

Duk abubuwan da suka gabata ana iya auna su da kuɗi ko da sa'o'i, amma akwai wanda ya fi su nauyi kuma ba ya aunuwa, shi ne tasirin mutanen da ɗalibi zai rayu a cikinsu. Matashin da ya bar gida a karon farko ya fita daga ƙarƙashin idon iyaye da yayye da malaman da suka san shi tun yana ƙarami, ya shiga wurin da babu mai tambayarsa ƙarfe nawa ya dawo ko ya tashi sallar asuba, kuma a wannan gaɓa ce ɗabi'a ke kafuwa ko ta rushe. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Gidan da mazaunansa ke raba dare suna kiɗa da caca, ko ake shaye-shayen ƙwayoyi a zaurensa, ba ya buƙatar ya kira sabon ɗalibi zuwa ga ɓarna, domin yau da gobe kaɗai ta isa ta mayar masa da abin ƙyama abin sabo. Gidan da ake tashi da asuba, ake karatu bayan isha'i, ake tambayar wanda ba a gani ba kwana biyu, shi ma yana jan mutum zuwa ga halinsa ba tare da wa'azi ba.

Saboda haka ya kamata a san su wane ne sauran 'yan hayar gidan, a san sana'arsu da lokutan shigarsu da fitarsu, a kuma lura da abin da ke kewaye da gidan, kamar gidan kallon ƙwallo ko wurin biki ko injin niƙa ko garejin walda, waɗanda halal ne ga masu su amma hayaniyarsu ba ta jituwa da mai haddar darasi. Kusancin masallaci ga Musulmi, da sanin hanyar coci ga Kirista, da samun kasuwa ko 'yan tebur da shagon magani da asibiti a nan kusa, duk suna sauƙaƙa rayuwa suna kuma tsare lokaci. Abokin zama a ɗaki shi ne maƙwabci mafi kusa, don haka kada araha ta sa a haɗa ɗaki da wanda ba a san halinsa ba. A yi magana a fili tun farko game da kuɗi da girki da baƙi da lokacin kashe fitila, domin abin da aka ji nauyin faɗa a watan farko shi ke zama rigima a wata na biyar.

Haƙƙin maƙwabtaka kuma hanya ce mai zuwa da dawowa. Addinin Musulunci ya girmama shi ƙwarai, har Alƙur'ani ya ambaci maƙwabci na kusa da na nesa a cikin Suratun Nisa'i tare da iyaye da dangi da marayu a jerin waɗanda aka yi umarni a kyautata musu. Ɗalibin da yake son unguwa ta riƙe shi kamar ɗa, sai ya shige ta kamar ɗa: ya je ya gaida mai unguwa ya gabatar da kansa, ya riƙa yi wa dattawa sallama, ya halarci jana'iza da ɗaurin aure gwargwadon hali, ya shiga aikin gayya na yashe magudana, ya kiyaye sutura da harshe da irin baƙin da yake kawowa. Wanda ya zo daga wata jiha ko wata ƙasa ya fi kowa buƙatar wannan, domin ranar rashin lafiya ko ranar tashin hankali maƙwabci ne zai riga ɗan'uwa isowa.

Dillali da Yarjejeniya

Idan unguwa ta kwanta a rai, saura batun ƙulla haya, inda gaggawa ke jawo asara. Yawancin ɗakuna ana samun su ne ta hannun dillali, wanda ke karɓar la'ada, wato ladan haɗa mai gida da ɗan haya, kuma a cikin dillalai akwai masu amana akwai kuma waɗanda kan karɓi kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya, ko su nuna hoton ɗakin da ba nasu ba a waya. Gani ya kori ji: kada a tura kuɗi, ko da kafin alƙalami ne, sai an shiga ɗakin da ƙafa, an ga mai gida ko wakilinsa da maƙwabta suka shaida, an kuma san adadin la'ada tun kafin a fara ciniki. Bayan haka a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a ambaci kuɗin haya da ranar farawa da ranar ƙarewa, da wanda gyaran rufi da famfo da masai ke wuyansa, da wa'adin da za a bayar kafin ƙarin kuɗi ko tashi, sannan a karɓi rasiɗi a adana. Rubuta ma'amala ba alamar rashin yarda ba ce, domin aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu.

Akwai wani abu da ya keɓanta da hayar ɗalibi, wato bambancin shekarar haya da shekarar karatu. Mai gida yana lissafi ne da watanni 12, makaranta kuwa kalandarta tana iya gocewa, kamar yadda ya faru a 2022 lokacin da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ya ɗauki watanni 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai suna gida kuɗin hayarsu yana ƙonewa a ɗakunan da ke kulle. Yana da kyau a tattauna wannan tun ranar ƙulla yarjejeniya, a san matsayin mai gida idan karatu ya zarce wa'adin haya da wata ɗaya ko biyu, a kuma san ko kaya za su tsira a ɗakin lokacin dogon hutu. Mai gida mai tausayi da ke zaune kusa da gidansa ya fi gini mai ƙyalli wanda ba a san inda mai shi yake ba.

A ƙarshe, babu unguwar da ta haɗa komai, kuma ɗan talaka ba zai samu duk abin da yake so da kuɗin da ke hannunsa ba, don haka hikima ita ce sanin abin da za a iya haƙura da shi da abin da ba a sassauci a kansa. Ƙanƙantar ɗaki da tsufan gini da rashin tayil da banɗakin haɗaka duk ana jure su, kuma manyan malamai da likitoci da alƙalai da yawa a irin waɗannan ɗakuna suka yi karatu. Amma tsaron rai da lafiyar jiki da samun isa aji a kan lokaci da zama cikin mutanen kirki, waɗannan huɗu ba a sayar da su don rangwamen haya, domin su ne jarin da karatun kansa ya dogara a kai. Kuɗin da ke hannun ɗalibi gumin iyaye ne, wani an sayar da amfanin gona ko dabba kafin a haɗa shi, kuma amana ce da za a tambaye shi yadda ya sarrafa ta. Ya kamata kowane matashi mai shirin kama haya ya ba wa wannan zaɓi mako guda na tafiya da tambaya da shawara da manya da neman zaɓin Allah, kada ya yanke shi cikin yini ɗaya saboda dillali ya ce wani na nan tafe da kuɗi. Allah Ya haɗa ɗalibai da maƙwabta nagari, Ya sa su ma su zama nagari ga waɗanda suka tarar, Ya kuma mayar da su gida lafiya da ilimi mai amfani.